Gugar Tururi: Abin Dubawa Kafin a Miƙa Kuɗi

[Kiɗan buɗe shiri]

Gaisuwa ga mutanen cikin garin Haɗeja, da na Auyo, Kafin Hausa, Malam Madori, Kaugama, Kirikasamma, Guri da Birniwa, da duk wanda muryarmu ta riska a bakin kogi ko a gonar fadama.

Yau shirin namu zai leƙa akwatin uwargida da na maigida. Akwai wata 'yar na'ura da ta fara yawa a shagunan kayan lantarki, har ta fara shiga kayan ɗakin amare, masu talla a WhatsApp da Facebook da TikTok kuma sun cika mana ido da ita. Ita ce abin gugar tururi na hannu, wanda 'yan kasuwa ke kira sitima. A hoton talla za ka ga an rataye riga duk ta yamutse, an bi ta da tururi sau biyu, sai ga ta sumul. Daga nan sai uwargida ta ce, to ni ma na huta da hura gawayi.

Hajiya, ki dakata tukuna, kada ki kyautar da dutsen gugarki. Sitima tana da amfani na gaske, ni kaina ina yaba ta. Amma aikinta daban, na dutse daban. Kuma a nan ƙasar Haɗeja, abin da zai sa ki ji daɗinta ko ki yi da-na-sani bai tsaya ga sunan kamfanin da ke jikin kwali ba. Ya danganta ga irin tufafin da ke gidanki, da irin wutar da kike samu, da irin ruwan da za ki zuba mata.

Mu fara da yadda take aiki, don wanda ya gane wannan ba a yi masa wayo a kasuwa. Zaren tufa, musamman na auduga, idan ya jiƙe ya bushe a lanƙwashe, a haka yake tsayawa. Zafi da danshi su ne ke sassauta shi, kamar yadda tururi ke tausasa dambu a madambaci, sai ya karɓi sabuwar siffa. Dutsen guga yana kawo abu biyu, zafi da danni. Zafinsa kan kai digiri 200 a wurin da aka ware wa auduga, ga kuma nauyin ƙarfe da na hannun mai guga. Ita kuwa sitima tururin tafasasshen ruwa take fesawa, wanda zafinsa ke wajen digiri 100, kuma babu danni. Shi ya sa ba ta cika ƙona tufa ba. Shi ya sa kuma ba ta fitar da kari.

Nan ne maganar take. Malam, idan kayanka shadda ce da ta sha sitati, ko wagambari da aka kai wa masu bugu suka fito maka da ita tana ɗaukar ido, sitima ba abokiyar tafiyarka ba ce. Tururi sassauta sitati yake yi. Rigar da ka biya kuɗi aka tsayar maka da ita, idan ka bi ta da tururi sai ta yi laushi, ta kwanta a jiki, ƙyallin ya ragu. Babbar rigar da za ka sa ranar hawan Sallah, da wandon da kake so karinsa ya fito tun daga ƙugu har idon sawu, da farar rigar ma'aikaciyar jinya, da kayan makarantar yara, waɗannan duka na dutse ne. Hula kuwa, zanna ce ko ƙube, a bar wa masu wankin hula sana'arsu. Ina faɗar wannan ne har da tunanin 'yan'uwanmu masu wanki da guga da ke unguwanninmu. Babu na'urar hannu da za ta yi wa shadda abin da hannunsu ke yi mata.

To ina sitima take haskawa? A kayan mata ne, galibi. Dogon hijabin nan mai santsi, da mayafi mai shara-shara, da abaya, da leshi, da yadin da telolinmu ke kira matiriyal, da labulen ɗaki da ke rataye. Duk matar da ta taɓa guge mayafi da dutsen gawayi ta san fargabar da ke ciki. Ki hura, ki kaɗa dutsen a iska, ki goge gindinsa a tsumma, ki ɗora a hankali, sai wani ɗan tartsatsi ya sulale ta ramin gefe ya sauka a tsakiyar mayafin. Huda ɗaya ƙanƙanuwa, mai baƙin baki, shi ke nan mayafin ya tashi daga na fita unguwa. Dutsen lantarki ma idan zafinsa ya wuce kima sai ya bar wani sheƙi a baƙar abaya wanda ba ya fita, ko ya lanƙwame zaren roba. Irin waɗannan kayan ne aka yi sitima dominsu. Karan-miski ma, wanda dutse ke kwantar wa da gashi, tururi ne maganinsa, a bi shi ta ciki. Haka rigar maza mai aikin zare a wuya, idan ba ta sha sitati ba, tururi zai miƙar da ita ba tare da ya danne aikin ba.

Ɗalibanmu da ke Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a nan Haɗeja, da na Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, su ma za ta yi musu rana, domin ba ta buƙatar tebur. Ƙusa a bango da abin rataya sun isa. Haka matafiyi da kayansa suka kwana a jaka.

Saboda haka tambayar farko ba a shago ake yin ta ba. A buɗe akwati a duba. Idan kaso mafi yawa shadda ce da atamfa mai kauri, a riƙe kuɗin a sayi dutse mai kyau. Idan hijabai ne da mayafai da leshi suka fi yawa, mu ci gaba.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Masu sauraro, yanzu ga inda na fi so a kasa kunne, wato maganar wuta.

A juya na'urar a duba gindinta ko gefenta. Akwai 'yar takarda ko rubutu da aka buga a jikin robar. Lamba biyu ake nema. Ta farko tana da harafin V a gabanta, ita ce ƙarfin wutar da aka ƙera na'urar ta karɓa. Wutar Nijeriya 230 ce. Idan an rubuta 220 zuwa 240, tamu ce. Idan an rubuta 110 ko 120, wannan kayan Amurka ne ko Kanada, na Japan ma 100 ne, kuma irinsu sukan shigo cikin kayan gwanjo, ko wani ɗan'uwa ya aiko da su tsaraba. Na'urar 120 idan aka jona ta a wutarmu, zafin da za ta ja ya kusa ninki huɗu na abin da aka tsara mata. Kafin ka farga ta ƙone, in ma ba ta haɗa da tayar da gobara ba. Tsarabar alhazai daga Saudiyya da kayan Dubai yawanci suna dacewa da wutarmu, amma su ma a duba, duba ba ya cin kuɗi.

Lamba ta biyu tana da harafin W, wato wat, ita ce yawan wutar da na'urar ke sha. Sitimar hannu takan kama daga wajen 800 zuwa 1,800, wasu ma sun fi. Mai shago zai ce maka ɗauki mai babbar lamba, ta fi ƙarfi. Gaskiya ne ta fi fitar da tururi. Amma tambayi kanka, da wace wutar zan kunna ta? Ƙaramin janaretan nan da ke cikin gidaje da shaguna da yawa, mai ɗaukar fanka da talabijin da ƙwan fitila, ƙarfinsa bai kai 1,000 ba. Ka jona masa na'urar 1,500, sai ya yi gurnani ya mutu, ko ya lalace. Masu sola na gida su ma su duba ƙarfin inbatarsu kafin su saya, domin duk abin da ke dafa ruwa da lantarki yana kwashe batir da sauri. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kunna babban janareta don guge hijabi ɗaya ya zama abin da mai iyali zai yi lissafi a kansa. Mafi yawanmu wutar kamfanin KEDCO za mu jira, kuma wannan yana nufin ranar da aka ɗauke wuta ga biki ya matso, dutsen gawayin nan shi ne dai zai fitar da mu kunya.

Ko an kawo wutar ma, akwai ranar da take zuwa ba ƙarfi, fanka na juyawa da ƙyar. Idan wutar da ya kamata ta zo 230 ta faɗo 180, na'urar 1,500 ba za ta ba da abin da ya wuce wajen 900 ba. A irin wannan lokaci sai ta riƙa tofar da ruwa maimakon tururi, uwargida ta ce an sayar mata da jabu, alhali wutar ce ta gaza. A ganina, ga gida irin namu, mai 1,000 zuwa 1,500 ita ce madaidaiciya. Kuɗin wutar ba shi ne abin tsoro ba: mai 1,500 idan ta yi minti 10 tana aiki, rubu'in yunit ɗaya ta ci a mita.

Ga wani ɗan lissafi da zai kare ka daga cika bakin kwali. Ana rubuta yawan tururin da na'ura ke fitarwa da giram a minti ɗaya. Mayar da giram 20 na ruwa tururi a cikin minti ɗaya yana cin wat wajen 850. Wannan dokar halitta ce, babu kamfanin da zai kauce mata. Saboda haka idan ka ga kwali ya ce na'urar wat 800 ce amma tana ba da giram 35 ko 40 ba tsayawa, ka ajiye ta. Giram 20 zuwa 25 ya wadatar da kayan gida.

Da wannan lissafin ne kuma za ka auna waɗanda ake tallatawa cewa caji ake yi musu da wayar cajin salula. Na san sunan caji yana da daɗin ji a garin da wuta ke wuya. Amma batirin babbar wayar hannu gaba ɗayansa, da za a ce ya kunna na'urar wat 1,200, minti ɗaya zai yi ya ƙare. Abin da ake caji da irin wannan waya, ruwa yake fesawa ƙanana-ƙanana, ba tafasasshen tururi ba.

Sai kan filogi. Soket ɗinmu mai baki uku ne. Idan na'urar ta zo da mai baki biyu, a sa mai gyaran wuta ya canza mata kai mai kyau mai fis. Kada a tura da tsinke, kada a yanke kan a cusa tsirarar waya. Kuma wayar ƙari mai araha, siririyar nan da ake jona caja, ba ta ɗaukar irin wannan nauyi. Narkewa take yi.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Mu zo ga ruwa. Mu mutanen ruwa ne, Allah ya ba mu kogi da fadama da kifi da shinkafa. Sai dai ba kowane ruwa ne sitima ke so ba. A cikinta akwai siririyar hanya da 'yan ƙananan ramuka da tururi ke fita. Ruwan kogi, musamman da damina in ya yi ja, yana ɗauke da laka, kuma ko an bar shi ya kwanta akwai saura. Laka za ta toshe hanyar, ta kuma fito a farin hijabi. Ruwan rijiya da na burtsatse kuwa, ko ya yi garai-garai a ido, wani yana ɗauke da narkakkun ma'adinai da ba a gani sai an tafasa. Gwajin yana cikin kicin ɗinki, uwargida. Leƙa cikin butar da kike dafa ruwan shayi. Idan kin ga wani farin ɓawo ya manne a gindinta, wanda in kin kankare yake zubowa gari-gari, to shi ne zai taru a cikin sitima. Da farko tururin zai ragu, sannan ta fara tofo farin gari a baƙar abaya, daga baya ta daina gaba ɗaya.

Mafi kyawun ruwa shi ne tatacce wanda aka cire wa ma'adinai, irin wanda ake ƙara wa batirin mota da na sola. Amma ina roƙo da babbar murya, a tabbatar da abin da aka saya. A wurin masu batir akwai ruwan asid ma, kuma a ido ba ka bambance su. A sayi wanda ke rufe da hatimi da rubutu a jiki, a wurin wanda aka yarda da shi. Wanda bai samu ba, ruwan sama da aka tara a tsabtataccen mazubi bayan rufin ya wanku, aka tace da kyalle, yana da kyau. Ruwan da aka tafasa ya huce aka tsiyaye samansa shi ma ya fi ɗanye. Takardar wasu na'urorin takan ba da damar wanke ciki da farin ruwan khal da aka surka, wasu kuma sun hana. A bi abin da takardar ta ce.

Na san halin matanmu da ƙamshi, kuma abin alfahari ne. Amma kada a zuba humra ko turaren ruwa a tankin sitima. Maiƙonsu yana toshe ta, yana kuma bar wa tufa tabo. A gama da tururi, a bar tufar ta sha iska, sannan a ɗora a kabbasa a turara.

Wannan shan iskar ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu. Tufar da aka bi da tururi tana ɗan riƙe danshi. Da hunturu, kafin ki juya ta bushe. Amma a watan Agusta da Satumba, lokacin da bango kansa ke jiƙe, idan kika ninke ta da ɗuminta kika sa a akwati, funfuna kika gayyata. Waɗanda ambaliyar 2020 da ta 2022 ta shiga gidajensu a wannan yanki sun san warin kayan da rima ta kama. Tururi yana rage irin wannan wari a tufar da ta daɗe a ajiye, amma ba ya maye gurbin wanki. Kayan da ruwan ambaliya ya taɓa, sabulu da rana ne maganinsu. Tabo kuwa, a wanke shi tukuna, domin zafi na iya zaunar da shi.

To yanzu an je shago, ko a nan Haɗeja ko a kasuwar Sabon Gari a Kano. Shawarata, uwargida ki tafi da tsohon mayafinki a jaka, wanda kika cukuikuye da gangan. Ki ce, Malam, don Allah a zuba ruwa a jona in gani. Ki duba agogon wayarki. Mai kyau ba ta wuce minti ɗaya ba ta fara fitar da tururi, wasu rabin minti ma. Ki riƙe ta cike da ruwa, ki ɗaga hannu sama da ƙasa kamar kina bin dogon hijabi. Idan tun a shago kafaɗarki ta fara gaya miki, a gida ba za ki ɗauke ta ba. Sannan ki karkata ta gefe, nesa da jikinki da na mutane. Akwai masu araha da suke tafasa ruwan gaba ɗaya a cikinsu, waɗannan da an karkata sai su watso tafasasshen ruwa. Akwai masu ɗan famfo a ciki, za ki ji yana 'yar ƙara, suna tura ruwa kaɗan-kaɗan zuwa wurin zafi. Waɗannan sun fi aminci, kuma da yawansu ana iya amfani da su a kwance a kan gado. Araha ba ta ado, a nan kam har ƙuna take jawowa.

Ki taɓa bakinta kafin a jona. Mai farantin ƙarfe da ke ɗaukar zafi ta fi mai bakin roba zalla, domin za ki iya ɗan danna ta a wuyan riga ko bakin hannu. Ki duba tankin. Mai mililita 100 minti 5 za ta yi ta ƙafe, hijabi ɗaya ko biyu ke nan. Mai 250, wato rabin ledar fiya wata, za ta kai minti 12. Tankin da ake cirewa a cika ya fi, don ba sai an kusanto da ruwa wurin wuta ba. Wayarta ta kai mita 2 ko fiye. In tana kashe kanta idan ruwa ya ƙare, wannan babbar riba ce a gidan da wuta ke ɗaukewa ta dawo ba sallama. Sunan kamfani irin su Philips ko Tefal a jikin kwali ba shi kaɗai ne shaida ba, domin ana kwaikwayon manyan sunaye. A duba ko akwai takardar bayani da katin garanti a ciki, a karɓi rasit, a kuma yi magana ƙarara da mai shago kan kwana nawa za a iya dawo da ita in ta ba da matsala. Wanda zai saya ta waya, ya nemi hoton takardar gindin nan tukuna.

Idan an kawo ta gida, a rataye tufar, a kama ƙasanta da hannu ɗaya a ɗan ja ta miƙe, a bi da na'urar daga sama zuwa ƙasa a hankali, yatsu nesa da bakin. Leshi mai duwatsun da aka manna da gam, a bi shi ta ciki kuma daga ɗan nesa, don zafi na sakin gam. Sabuwar atamfa ko siliki, a gwada a ɓoyayyen gefe tukuna. Fata kuwa kada a kusance ta. In an gama a zare filogi, a bari ta huce, a zubar da sauran ruwan, kada ya kwana a ciki.

Abu na ƙarshe, kuma ina roƙon iyaye mata su ji ni. Kada a guge tufa tana jikin mutum. Yarinya ta shirya za ta Islamiyya, an ga hijabinta ya ɗan yamutse a kafaɗa, sai a ce tsaya in bi miki. Tururi yana ratsa yadi nan take, kuma ƙunarsa ta fi ta tafasasshen ruwa zafi. Kada a tsaya ba takalmi a jiƙaƙƙen siminti ana riƙe da ita. Kada a bar wayarta tana lilo inda mai rarrafe zai ja. Idan tsautsayi ya faru, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20, ba ƙanƙara ba. Kada a shafa man goge baki, ko ƙwai, ko manja, ko toka. A cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsabtataccen kyalle, kada a fasa bororon. In ƙunar tana da faɗi, ko a fuska take, ko a hannu, ko jikin ƙaramin yaro, a wuce asibiti ba tare da jinkiri ba.

Jama'a, lokaci ya cim mana. Sai wani makon idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

[Kiɗan rufe shiri]